Hatimi a hannu, waya shiru: farkon wata sabuwar notari a Houston

A watan Janairun 2021 kuɗin ruwan da bankunan Amurka ke ɗora wa bashin gida na shekara 30 ya sauko zuwa kashi 2.65 cikin 100, a lissafin da kamfanin Freddie Mac ke fitarwa duk mako. Tun da aka soma wannan lissafin a 1971 bai taɓa yin ƙasa haka ba. Masu gidajen da suka ci bashi a baya kan kashi 4 ko 5 sai suka yi ta tururuwa zuwa bankuna, a biya tsohon bashin a rubuta musu sabo mai rangwame. Kowane sabon bashi kuwa yana tafe da ƙunshin takardu da kan haura shafi 100, kuma dole a sami wanda zai kai su har teburin mai gida, ya duba katin shaidarsa, ya tsaya a kansa ya sa hannu a duk inda ake buƙata, ya buga hatimi a inda doka ta ce, sannan ya mayar da takardun ga masu su kafin motar ƙarshe ta kamfanin aika saƙo na FedEx ta tashi. Mai yin wannan shi ne wakilin sa hannu. Notari ne, wato wanda jiha ta ba izinin tantance mai sa hannu a takarda ya buga hatimin shaida, sannan ya ƙara da sanin takardun bashin gida. Babu albashi a ciki: ka yi aiki ɗaya, a biya ka kuɗin aiki ɗaya.

A 2020 da 2021 aikin ya fi ƙarfin masu yin sa. YouTube ya cika da mutane suna nuna takardun biyan da suka karɓa, suna cewa da hatimi da firinta da mota za ka fi mai zaman ofis samu, kuma mafi yawansu suna da kwas na sayarwa. Ta nan matar da wannan nazari ya shafa ta kamu. 'Yar Kaduna ce, tana zaune da maigidanta da yaransu a gidan haya a unguwar Alief, kudu maso yammacin Houston, inda 'yan Najeriya ke da yawa. Aikinta kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu, aikin awa-awa mai cin ƙarfi, wanda ba ya barin ta ta je ɗauko yara daga makaranta. Ba ta taɓa aiki a banki ko ofishin lauya ba, ba ta kuma taɓa riƙe takardar bashin gida a hannunta ba. Abin da take nema shi ne sana'ar da za ta tsara wa kanta lokaci.

Ƙofar shiga a buɗe take

Abin da ta fara jin tsoro shi ne rashin zama 'yar ƙasa, don a lokacin katin zama na dindindin kawai gare ta. Ashe wannan maganar an daɗe da rufe ta, kuma a Teksas ɗin ma aka yi shari'ar. Wani ɗan asalin Meziko mai suna Efrem Bernal ya nemi zama notari, jihar ta hana shi saboda shi ba ɗan ƙasa ba ne, ya kai ƙara. A 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wannan sharaɗi, kuma mai shari'a Thurgood Marshall ne ya rubuta hukuncin.

Sauran sharuɗɗan Teksas a farkon 2022, lokacin da ta nema, ba su taka kara sun karya ba. Mutum ya kai shekara 18, yana zaune a jihar, ba a taɓa kama shi da babban laifi ba. Ya sayi lamunin dala 10,000 daga kamfanin inshora, ya biya dala 21 ga ofishin Sakataren Jiha, sai a ba shi izini na shekara 4. Babu jarrabawa, babu aji. A Kalifoniya kuwa sai an zauna kwas na awa 6, an ci jarrabawa, an ɗauki hoton yatsu, an ajiye lamunin dala 15,000. Sauƙin na Teksas yana da nasa illa: mutum kan riƙe hatimin jiha a hannu bai san bambancin shaidar amincewa da sa hannu da shaidar rantsuwa ba, alhali a ta biyun dole mai sa hannu ya yi rantsuwa kuma ya sa hannun a gaban idonka.

Daga nan ta bi hanyar da kusan kowa ke bi. Ta yi kwas da jarrabawar Ƙungiyar Notari ta Ƙasa, wadda ake kira NNA, da aka kafa a 1957 kuma hedikwatarta ke Chatsworth a Kalifoniya. Wannan takarda ba ta gwamnati ba ce, babu dokar Teksas da ta tilasta ta, amma kamfanonin da ke ba da aiki suna nemanta. Ta biya aka binciki tarihinta, binciken da ake sabuntawa duk shekara, saboda dokar Gramm-Leach-Bliley ta 1999 ta ɗora wa cibiyoyin kuɗi nauyin kare bayanan abokan hulɗarsu, kuma wakilin sa hannu yana ganin komai: lambar tsaron zamantakewar mutum, wato lambar shaidarsa a wurin gwamnati, albashinsa, abin da ke asusunsa. Ta sayi inshorar kuskure ta dala 25,000. Ta sayi firinta mai aiki da hasken leza mai aljihu biyu, don takardun bashi suna zuwa a cakuɗe, wasu kan gajeriyar takarda mai tsawon inci 11, wasu kan doguwa mai inci 14. Da hatimi da littafin rajista da kwalin takarda, kuɗin da ta zuba ya tasam ma dala 1,000.

Sai ta buɗe shafinta a Snapdocs da Notary Rotary da wasu dandamali irinsu, ta zauna jiran kira.

Dalilin shirun

Abu biyu ne suka haɗu mata, kuma ita ɗaya kawai ta hango.

Wanda ta hango shi ne rashin gogewa. Tsarin aikin haka yake: banki ya amince da bashi, kamfanin tantance mallakar gida ya haɗa takardu ya riƙe kuɗin, sannan ko dai ya kira notarin da ya sani kai tsaye, ko ya miƙa wa kamfanin dillancin sa hannu ya nemo. Kiran kai tsaye shi ne mai tsoka, amma ba a yi wa baƙo, wasu kamfanonin ma sai sun ga shekaru a aikin. Dillali kuwa yana cire nasa kason, ya aika saƙon waya ga notarori da yawa a lokaci guda, ya zaɓi wanda ya amsa da wuri kuma yake da maki. A shafin kowa ana nuna adadin ayyukan da ya kammala. Nata sifili ne. Ba za a ba ka aiki ba sai kana da tarihi, ba za ka yi tarihi ba sai an ba ka aiki.

Wanda ba ta hango ba ya fi wannan girma. A watan Maris 2022 Babban Bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa don yaƙi da tsadar kaya. Kafin ƙarshen Oktoba bashin gida na shekara 30 ya haura kashi 7, a Oktoban 2023 kuma ya kai 7.79. Wanda ya riga ya kulle bashinsa kan kashi 3 babu abin da zai kai shi banki ya sauya. Aikin da ya ciyar da wakilan sa hannu shekara biyu ya kafe, a daidai lokacin da ɗimbin sababbi da suka kalli bidiyo iri ɗaya suka shigo. Ta iso kasuwa ne da la'asar sakaliya, masu rumfa na kwashe kaya. Tsofaffin hannu da a da ba sa kallon aikin dillali sai ga su suna rububinsa, kuma in mai tarihin ayyuka dubbai ya yarda ya karɓi ƙaramin kuɗi, me zai sa a kira mai sifili?

Akwai ƙari da ya shafi Teksas kaɗai, wanda masu kwas daga wasu jihohi ba su faɗa mata ba. Da sauya bashi ya mutu, cikin abin da ya rage akwai masu gida da ke cin bashi kan darajar da gidansu ya tara. To kundin tsarin mulkin Teksas, a sashe na 50 na babi na 16, ya ce irin wannan bashin kan gidan da mutum ke zaune ba a ƙulla shi sai a ofishin mai ba da bashi, ko na lauya, ko na kamfanin tantance mallaka. Ba a kan teburin cin abincin mai gida ba. Wakilin da ba shi da lauyan da zai ara masa ɗaki ya fita daga wannan layin. Kowace jiha da nata tarko: a Jojiya da Karolina ta Kudu lauya ne ke jagorantar ƙulla bashin gida, a Maryland sai ka ƙara da lasisin inshorar mallaka. A ganina wanda ya sayar wa mutum kwas bai tambaye shi jihar da yake zaune ba, kuɗinsa kawai yake so.

Aikin dala 75

Abin da ta yi da zaman jiran ya taimake ta daga baya. Ta buga samfurin takardun da aka ba su a kwas, ta riƙa zaunar da maigidanta bayan sallar isha'i yana zama mai cin bashi, ita tana gabatar masa da takarda ɗaya bayan ɗaya: takardar alkawarin biya, takardar jinginar gida da ake kai wa rajistar gunduma, takardar bayanin ƙarshe mai shafi 5 da CFPB, hukumar kare jama'a a harkokin kuɗi, ta wajabta tun Oktoban 2015, fom 1003 na neman bashi, fom 4506-C da ke ba banki izinin neman bayanan haraji, takardar tantance mutum da ta samo asali daga dokar Patriot ta 2001. Shi kuma ya riƙa jefo mata tambayoyin da za su rikita ta. Ta so ta bi wata tsohuwar notari zuwa aiki ta ga yadda ake yi, matar ta ce ba za ta iya shigar da baƙuwa cikin sirrin kuɗin mutane ba sai da izinin kamfani da na masu gida. Ta dai yarda ta riƙa ɗaukar wayarta.

Aikin farko ya zo ne a ƙarshen wata, lokacin da bankuna ke hanzarin rufe lissafi kuma gogaggu sun cika. Ƙarfe 7 na yamma, a wajajen Cypress, dala 75. Ta karɓa ba ta yi ciniki ba, ta dawo gida da murna. Maigidanta ne, wanda ke aikin lissafi a wani ɗakin ajiyar kaya, ya ɗauko biro.

Ya ce, "Maman yara, zo mu gani. Shafi nawa kika buga?"

Shafi 130 sau biyu, don ana barin kwafi ɗaya ga mai gida. Takarda da tawada kamar dala 12. Tafiya zuwa da dawowa, har da biyawa ofishin aika saƙo, mil 50. Hukumar haraji ta IRS ta ƙiyasta kuɗin tafiyar mil ɗaya a rabin ƙarshe na 2022 kan santi 62.5, wanda ya haɗa mai da lalacewar mota, ke nan dala 31 da 'yan kai. Kuɗin titin Sam Houston kamar dala 5. Abin da ya rage dala 27. Daga buga takardu zuwa tuƙi, zuwa zaman sa hannu, zuwa ɗaukar hoton shafukan a aika wa kamfani kafin a sa su a ambulan, awa 4. Kowace awa ba ta kai dala 7 ba, alhali mafi ƙarancin ladan awa a dokar tarayya, wanda Teksas ke bi, dala 7.25 ne tun 2009. Kuɗin kuma ba zai shigo ba sai bayan wata ɗaya ko fiye.

Ba ta daina karɓar irin waɗannan ba nan take, kuma ina ganin ta yi daidai. Sabon shiga ba shi da wata hanyar goge sifilin nan. Amma daga ranar ta ɗauke su a matsayin kuɗin makaranta, ta yanke wa kanta iyakar nisa, ta kuma fi son ƙananan ƙunshi: takardun mai sayar da gida, takardun sassauta bashi, waɗanda shafukansu kaɗan ne kuma wuraren kuskure kaɗan.

Ranar Asabar da ta zama Litinin

Kuskurenta mafi tsada bai shafi hatimi ba ko kaɗan. Dokar gaskiya a harkar bashi ta 1968 ta ba wanda ya jinginar da gidan da yake zaune, in ba sayen gidan yake yi ba, damar fasa bashin cikin kwana 3 na aiki. Ana ba kowane mai haƙƙi kwafi biyu na takardar sanarwa, a jikinta an rubuta ranar da wa'adin zai cika da tsakar dare. A wannan ƙirgar Asabar ranar aiki ce, Lahadi da ranakun hutun tarayya ne kawai ba a ƙirgawa. Banki ba ya sakin kuɗi sai wa'adin ya wuce. In kuma sanarwar ta zo da kuskure, damar fasawa tana iya miƙewa har shekara 3, shi ya sa bankuna ba sa wasa da wannan shafin. Ko gogaggu ya taɓa rikita su: a Yunin 2021 aka sa hannu kan dokar da ta mai da ranar 19 ga Yuni hutun tarayya saura kwana biyu ranar ta zo, sanarwoyin da aka riga aka buga suka koma abin shakka, sai da hukumar CFPB ta fito da bayani.

Nata ya fi wannan sauƙi. An shirya takardu don ranar Laraba, wa'adi ya kama Asabar. Mai gidan ya ɗage zuwa Alhamis. Da Alhamis ƙirgar ta koma Juma'a, Asabar, Litinin. Abin da ya kamata shi ne ta bi umarnin bankin da ke saman ƙunshin: a ja layi kan tsofaffin ranaku, a rubuta sababbi, masu gida su sa haruffan farkon sunayensu a gefe. Ita hankalinta na kan wuraren sa hannu da hatimi, ta bar ranakun yadda suke.

Washegari aka kira ta daga kamfanin dillancin. A cikin maganar, mai kiran ya yi mata wani tayi a kaikaice: in takardun duka za su nuna Laraba, har da shaidarta ta notari, ai magana ta ƙare. Ta kira tsohuwar notarin nan, matar ta ce mata kada ta kuskura. Ranar da notari ya rubuta a shaidarsa ita ce ranar da mutum ya tsaya a gabansa, rubuta wata ranar ƙarya ce a takardar hukuma, kuma in abu ya ɓaci mai hatimin za a nema, ba mai waya ba. Amurka ta riga ta ga inda irin wannan sakaci ke kaiwa. A 2010 aka bankaɗo yadda ake sa hannu da buga hatimi kan dubban takardun ƙwace gidaje ba tare da an karanta su ko an ga masu sa hannun ba, kuma a Fabrairun 2012 manyan bankuna 5 suka amince da sulhun dala biliyan 25.

Ta koma gidan da dare a kan kuɗin manta, aka gyara. An jinkirta sakin kuɗin, makinta ya sauka, kamfanin ya daina aiko mata saƙo na tsawon lokaci. A nan ne kuma ta karanta takardar inshorarta da kyau. Lamunin dala 10,000 na kare jama'a ne daga gare ta, in an biya wani daga ciki kamfanin zai dawo ya karɓa a hannunta. Inshorar kuskuren da ta saya kuma ta tsaya ne kan aikin notari zalla. Barin ranar da ba daidai ba a takardar fasa bashi ba aikin notari ba ne, don haka da abin ya kai ga asara, da ita kaɗai za ta ɗauka. Tun daga ranar take duba kowane shafi sau biyu kafin ta tashi daga teburin mutane, ko da suna kallon agogo.

"Ke fa tamu ce"

Labarin hatiminta ya zaga cikin 'yan gida. A Najeriya notari lauya ne da Babban Jojin Ƙasa ke naɗawa, a Nijar ma, bisa tsarin Faransa, masanin shari'a ne mai rubuta takardun gado da na filaye. Don haka aka fara kawo mata takardun shige da fice, da tambayoyin yadda za a rubuta wasiyya. Notarin Amurka ba shi da wannan hurumin. Dokar Teksas ta hana shi nuna kansa a matsayin lauya ko ƙwararre kan shige da fice, kuma in ya yi talla da wani harshe ba Ingilishi ba sai ya rubuta ƙarara cewa shi ba lauya ba ne kuma ba ya ba da shawarar shari'a. Ko a teburin bashi, in mai gida ya tambaya ko kuɗin ruwan nan ya yi yawa, iyakarta ta nuna masa inda aka rubuta shi ta kira masa jami'in banki.

Mai wuyar ita ce ranar da wani dattijo da suke girmamawa ya zo da takardun sayar da gidansa. A Teksas gidan da iyali ke zaune ba a sayar da shi ko jinginar da shi sai mata da miji duk sun sa hannu. Uwargidansa tana Kano wajen jinyar mahaifiyarta. Ya zo da takardar an riga an sa mata hannu.

Ya ce, "Haba Hajiya, ke fa tamu ce. Kin san ta, kin san hannunta. Ga ta nan ma a waya, ku gaisa."

Ta ce, "Wallahi Alhaji ba ƙin ka na yi ba, kai uba ne a wurina. Amma abin da hatimin nan ke cewa shi ne ta tsaya a gabana yau. In na buga, ni da kai da ita duk mun shiga uku, cinikin ma ana iya rushe shi."

Ta ba shi shawarar ya tambayi kamfanin da ke riƙe da cinikin hanyar da suka yarda da ita, ta kuma gaya masa ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙaramin ofishinsu na Legas suna yin aikin notari kan dala 50 kowane hatimi. Ya tafi ransa a ɓace, an yi watanni gaisuwarsu ba ta wuce ta fatar baki ba. Kwas ɗin da ta saya bai ce komai kan wannan ba, ga shi kuwa a wurin mutanenmu jin nauyin babba ya fi barazanar kowane kamfani ƙarfi.

Maganar riba

Wannan tambayar ta zo mata a makare, bayan ta riga ta zuba kuɗi, kuma kamata ya yi a ce da ita ta fara. Hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim ya ambaci tsinuwa ga mai cin riba da mai ba da ita da marubucinta da shaidunta biyu. Takardar alkawarin biyan da take miƙa wa mutane kuwa kuɗin ruwa ne rubuce a shafinta na farko. Ta tambayi malamai, amsoshin suka bambanta. Wani ya ce mata notari yana shaida ne cewa wane shi ne wane kuma da yardarsa ya sa hannu, ba shaidar cinikin yake yi ba. Wani ya ce wakilin sa hannu ya wuce nan, tunda shi ke ɗauko takardun, ya gabatar, ya tabbatar an kammala, kuma ladansa daga cinikin yake fitowa. Akwai kamfanoni irin su Guidance Residential da ke taimaka wa mutane sayen gida bisa tsarin haɗin gwiwa na Musulunci, su ma takardunsu na buƙatar notari, amma ba su da yawan da za su riƙe mutum. Ita dai zuciyarta ba ta kwanta ba, ta fara janye jiki daga takardun masu cin bashi, ta bar na masu sayarwa.

Inda aikin ya samu zama

Abin da ya tsayar da ita da ƙafafunta yana cikin tsohon aikinta, wanda ita da kanta ba ta ɗauke shi gogewa ba. Houston na da Cibiyar Lafiya ta Teksas, tarin asibitoci da ake zuwa daga ko'ina, ga gidajen kula da tsofaffi birjik. Kullum akwai mai buƙatar takardar wakilci ta dukiya, ko takardar rantsuwa, ga shi a kwance ba zai iya zuwa banki ko shagon aika saƙo na UPS, inda ake samun notari, ba. Yawancin notarori ba sa son irin wannan kira, don abin da ke da wuya a ciki shi ne gane ko tsohon da ke kan gado ya san abin da yake sa wa hannu, kuma ko da son ransa ne. Ita kuwa ta yi shekaru tana karanta fuskokin irin waɗannan mutane. Ta san lokacin da magani ke sa su gyangyaɗi, ta san yadda ake roƙon 'ya'ya su ɗan fita waje, ta san tambayar da za ta yi a hankali ta ji ko mutum yana tare da ita. Ta taɓa tattara kayanta ta fita ba ta buga hatimi ba, da ta ga ɗan ne ke amsa kowace tambaya uwar tana kallon bango. Ma'aikatan jinyar da suka santa a da su suka fara ba da lambarta.

Kuɗin notari kansa kaɗan ne, doka ta ƙayyade shi: dala 6 ne kan sa hannun farko a lokacin da ta fara, ya koma dala 10 daga Satumban 2023. Samun yana cikin kuɗin tafiya, wanda take faɗa tun a waya, ta rubuta shi daban a rasit. Babu buga shafi 260, babu jiran wata guda, ana biya a wurin. Rarrabewar nan ta amfane ta a wajen haraji ma, don kuɗin aikin notari zalla ba ya cikin harajin mai zaman kansa na kashi 15.3, amma kuɗin tafiya da ladan kai takardu suna ciki, kuma littafin rajistarta ne hujjar yawan hatimin da ta buga.

Kiran kai tsaye na farko daga kamfanin tantance mallaka ya biyo ta wannan hanyar ne. Wata jami'arsu na neman wanda zai kai wa wani mai sayar da gida takardu a gadon asibiti, aka ba ta sunanta. Takardun suka dawo babu gyara, sai jami'ar ta ci gaba da kiran ta, a kan kuɗin da ya kusa ninka na dillali. Ba ta bar aikin kula da tsofaffi gaba ɗaya ba, ta dai rage shi zuwa safiya, abin da take samu da hatimi kuma bai kai rabin abin da masu bidiyo suka yi alkawari ba.

Izininta na shekara 4 ya zo sabuntawa a 2026, a ƙarƙashin dokar da majalisar Teksas ta yi a 2025, wadda ta shigo da karatu na dole ga notarori ta kuma mai da buga hatimi ba tare da mai sa hannu ya bayyana ba laifin da ake hukuntawa. Ta duba batun yin rajistar aikin notari ta bidiyo, wanda Teksas ta halatta tun Yulin 2018 kuma ta yarda a ƙara har dala 25 kan kowane aiki. Ta lissafa kuɗin manhaja da na takardar shaidar lantarki, ta kwatanta da mutanen da ke kiran ta, waɗanda yawancinsu tsofaffi ne da ba sa iya riƙe waya su amsa tambayoyin tantancewa cikin minti biyu, sai ta ajiye maganar ta sabunta izininta na aikin ido da ido kawai.